Yadda kulob ɗin ƙwararru zai haɗa rahoton alhakinsa ga al'umma

Buɗe irin rahoton da ƙungiyoyin wasanni da yawa ke fitarwa kan hidimarsu ga jama'a, abin da za ka fara cin karo da shi hoto ne: kyaftin ya durƙusa a gefen gadon asibiti yana miƙa wa yaro riga. A shafi na biyu ga saƙon shugaban kulob cike da godiya, sai wani ƙaton adadi da manyan baƙaƙe, wai mutum kaza ne suka amfana. Ka kai bangon ƙarshe ba ka san nawa kulob ya cire daga aljihunsa ba, ba ka san albashin mai share filin ba, ba ka san yara nawa aka sallama daga makarantar horaswa ba, balle inda suka dosa. Wannan ƙasidar talla ce. Rahoton alhaki kuwa ɗan'uwan rahoton kuɗi ne: kowane adadi a cikinsa yana da takardar da ta haife shi, kuma baƙo zai iya bin sawunsa har ya isa ga rasit.

A da sai kulob ya ga dama yake yin wannan aiki. Yanzu ya fara zama sharaɗi. Dokokin lasisi da UEFA ta fitar a 2022 sun buƙaci kulob ɗin da ke son buga gasanninta ya mallaki rubutaccen tsarin alhaki ga al'umma da jami'in da ke riƙe da shi. A Disamban 2021 ƙungiyoyin Bundesliga da na rukuni na biyu a Jamus suka amince su shigar da sharuɗɗan ɗorewa cikin tsarin lasisinsu. A Fabrairun 2024 ƙungiyoyin Firimiya suka ɗauki alƙawarin naɗa babban jami'i kan muhalli da kammala lissafin hayaƙinsu, wato iskar kabon mai ɗumama yanayi da ayyukansu ke fitarwa, kafin ƙarshen kakar 2025/26. Bankuna da masu ɗaukar nauyi ma suna tambaya, domin su ma ana tambayarsu.

Mataki na farko: a shata iyaka

A bakin magoya baya kulob abu ɗaya ne, amma a takarda sau da yawa uku ne ko huɗu: kamfanin da ke riƙe da ƙungiyar maza, ƙungiyar mata, gidauniya mai rajista da amintattunta daban, sai kamfanin da ke tafiyar da filin wasa. Shagon sayar da riguna ma wani lokaci wani kamfani ne ke riƙe da shi. A shafin farko a rubuta waɗanda ke cikin rahoton, waɗanda aka bari a waje, da dalilin barin su.

Nan ne aka fi tafka kuskure. Gidauniya ta yi aiki da kuɗin hukumar gasa, da tallafin gwamnati, da gudummawar jama'a, sai rahoto ya fito kamar daga asusun kulob komai ya fita. Maganin abin ɗan jadawali ne mai nuna kuɗin shigar gidauniya kashi-kashi: nawa daga kulob, nawa daga hukumar gasa, nawa daga sauran. Idan rabon kulob ƙarami ne, a rubuta shi a ƙaraminsa. Asusun gidauniya mai rajista a buɗe yake a ƙasashe da yawa, ɗan jarida mai haƙuri zai iya haɗa lissafin da kansa cikin yini guda.

In ƙungiyoyi biyu ke amfani da fili ɗaya, kamar yadda AC Milan da Inter suka daɗe suna raba San Siro, a zaɓi hanya ɗaya ta raba wuta, ruwa da shara, ko bisa yawan wasanni ko bisa yawan 'yan kallo, a bayyana ta, kuma kada a sauya ta kowace shekara. Lokacin rahoto ya dace da shekarar kuɗin kulob, wadda a ƙungiyoyin Turai da dama take farawa 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni. Wanda ya haɗa lissafin wuta na Janairu zuwa Disamba da yawan 'yan kallo na kakar wasa ya ɓata dukkan kwatancen da zai biyo baya.

Sai a damƙa aikin ga mutum ɗaya da aka san sunansa, da mamba ɗaya na hukumar gudanarwa da zai amsa tambaya a kai. Kada ya zauna ƙarƙashin sashen talla. Ma'aikatan talla aikinsu su ƙawata abu, kuma sun iya. Wannan aiki ya fi dacewa kusa da ofishin kuɗi, inda aka saba da tambayar ina rasit.

Mataki na biyu: a raba dole da ganin dama

Lauyan kulob ya fitar da shafi ɗaya mai ɗauke da duk abin da doka da hukumar gasa suka wajabta a bayyana, da ranar ƙarshe ta kowanne. Abin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya, dokar yaƙi da bautar zamani ta 2015 ta wajabta wa kamfanin da cinikinsa na shekara ya kai fam miliyan 36 ya riƙa wallafa bayanin matakan da yake ɗauka a kansa da kan masu kawo masa kaya, kuma tun 2017 duk mai ma'aikata 250 zuwa sama yana bayyana giɓin albashi tsakanin maza da mata. Tarayyar Turai ta zartar da dokar rahoton ɗorewa na kamfanoni a 2022, a 2025 kuma ta ɗage wa'adin farawa ga kamfanoni da yawa, don haka sai a duba matsayin da ake ciki a shekarar da ake rubutu. Ƙungiyoyin da ke kasuwar hannun jari, irin su Borussia Dortmund a Frankfurt tun 2000, Juventus a Milan tun 2001 da Manchester United a New York tun 2012, suna da ƙarin ƙa'idojin kasuwa a kansu.

Bayan dole sai zaɓin mizani. Ƙa'idojin GRI, wata ƙungiya mai zaman kanta da ke tsara yadda ake rubuta irin wannan rahoto, su aka fi bi. An sabunta na tushensu a 2021, suka fara aiki a Janairun 2023, kuma suna ba da hanya biyu: ko a ce an bi su cikakke, ko a ce an jingina da wasu sassansu. A shekarar farko a ɗauki ta biyun, ta fi gaskiya. Wolfsburg na cikin ƙungiyoyin farko da suka bi wannan mizani, tun 2012. ISO 26000 na 2010, mizanin ƙasa da ƙasa kan alhaki ga al'umma, shawara ce kawai, ba a ba da takardar shaida a kansa, duk wanda ya zo sayar muku da ita ku sallame shi. ISO 20121, wanda ya fito a 2012 tare da gasar Olamfik ta Landan, shi ne na tafiyar da taruka, kuma ana ba da shaida a kansa. Muradun ci gaba mai ɗorewa 17 na Majalisar Ɗinkin Duniya ba mizanin rahoto ba ne. Liƙa tambarinsu duka a bangon littafi ba ya nuna komai. A zaɓi uku zuwa biyar, a ambaci lambar takamaiman burin da ake nufi cikin 169 da ke ƙarƙashinsu.

Mataki na uku: a tantance abin da ya cancanci shiga

A fara da doguwar jeri, batutuwa 20 zuwa 25, daga kare yara zuwa farashin tikiti, daga ruwan ban ciyawa zuwa tallar caca. Kowanne a yi masa tambaya biyu, a ba shi maki daga 1 zuwa 5: yaya girman tasirin kulob a kan mutane ko muhalli ta wannan fuska, kuma yaya batun zai iya taɓa kuɗi ko lasisin kulob? Takwas zuwa goma sha biyu da suka fi maki su ne ƙashin bayan rahoton.

Wa zai ba da makin, nan maganar take. Tura tambayoyi ta manhajar kulob kaɗai zai dawo muku da kirari, domin masoya na ƙut da ƙut ne ke buɗe ta. A nemi ma'aikatan ranar wasa da ba su da kwantiragin dindindin, iyayen yaran makarantar horaswa, 'yan wasan ƙungiyar mata, magoya baya masu buƙata ta musamman, 'yan kwangila, da maƙwabtan filin wasa, waɗanda hayaniya, cunkoso, shara da hasken fitilu ke shiga gidajensu ko suna son ƙwallo ko ba sa so. Jami'in hulɗa da magoya baya, wanda UEFA ta sanya cikin sharuɗɗan lasisi tun kakar 2012/13, shi ne ƙofar shiga wajen ƙungiyoyin magoya baya, har da masu sukar shugabanci. Idan jerin ƙarshe ya fito ba caca, ba farashin tikiti, ba makomar yaran da aka sallama, an yi tuya an manta da albasa. Hukumar gudanarwa ta sa hannu a jerin, a sake aikin bayan shekara biyu ko uku.

Mataki na huɗu: kundin ma'auni, da yadda ake ƙirga mutane da kuɗi

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rahoton da za a fitar bayan kaka ana fara shi ne kafin wasan farko. A buɗe jadawali ɗaya, ko na Excel ne ya isa, kowane ma'auni da layinsa: sunansa, ma'anarsa dalla-dalla, abin da ake auna shi da shi, takardar da ake ciro shi, mutumin da zai kawo shi, da sau nawa. Ma'auni 25 zuwa 40 sun isa kulob na farko. A riƙa cikewa duk ƙarshen wata. Abin da aka bari sai watan Yuni, ƙiyasi za a samu a madadinsa, ga kocin da ke riƙe da rajistar ya bar aiki tun Janairu.

Ƙirga waɗanda suka amfana shi ne inda alƙaluma suka fi kumbura. A ɗauka ana horas da yara 40 a kowane zama, sau 30 a kaka. Halarta 1,200 ke nan. Amma yaran da suka zo, idan aka cire maimaici, ƙila 65 ne, saboda wasu sun daina zuwa wasu sun shigo. Rahoto ya kawo adadin biyu, kowanne da sunansa: halarta 1,200, mutane 65. Ba za a iya hakan ba sai kowane yaro yana da lamba ɗaya da ke bin sa a duk shirye-shiryen kulob, in ba haka ba yaron da ke zuwa ƙwallo ranar Talata da ajin karatu ranar Alhamis zai zama mutum biyu. Sannan a raba su bisa zurfin hulɗa. Ɗalibai 600 da suka zauna a zauren makaranta suka saurari mai tsaron raga na minti 40 ba daidai suke da matasa 20 da aka yi wata shida ana koya musu sana'a ba. A ware wanda ya zo sau ɗaya, wanda ya samu awa 10 zuwa sama, da wanda ya kammala shiri.

Kowane shiri a duba shi ta hawa uku: abin da aka zuba, abin da aka yi, abin da ya sauya. Na ukun ne mai wuya, kuma shi mai karatu ke nema. Ana samunsa ne ta auna abu ɗaya a farko da ƙarshe, da tambaya iri ɗaya. A kula da adadin da ake rabawa da shi. Idan mutum 50 suka fara shirin neman aiki, 30 suka kammala, 18 suka samu aiki, to kashi 36 cikin ɗari ne na waɗanda suka fara, kashi 60 na waɗanda suka kammala. Rubuta 60 kaɗai ɓoye mutum 20 ne. Akwai kuma salon juya tasiri zuwa kuɗi, a ce kulob ya samar wa al'umma amfanin da ya kai miliyan kaza. In za a yi, a wallafa hanyar lissafin da wanda ya yi shi, kuma kada a ajiye adadin kusa da kuɗin da aka kashe da gaske har mai karatu ya ɗauka abu ɗaya ne.

Gudummawar kulob a kasa ta huɗu: tsabar kuɗi, kaya, lokacin ma'aikata, da kuɗin gudanarwa. Kaya ana ƙimanta su da abin da suka ci wa kulob. Rigar kakar bara da ta kwana a sito ba ta da farashin sabuwa. Tikitin kyauta a ƙirga waɗanda na'urar ƙofa ta karanta, domin tikitin da aka raba ba a zo da shi ba bai amfani kowa ba. Ziyarar 'yan wasa a rubuta ta da awanni, a kuma faɗa in sharaɗin kwantiragi ce. Abin da ɗan wasa ya bayar daga albashinsa, kamar kashi 1 cikin ɗari da Juan Mata ya fara bayarwa ta asusun agaji na Common Goal a 2017, nasa ne. Abin da magoya baya suka tara a ƙofar fili nasu ne. A ambace su da godiya a wani layi daban. Daga ƙarshe a nuna gudummawar a matsayin kaso na kuɗin shiga, kamar kashi 0.7 cikin ɗari da Barcelona ta yi wa gidauniyarta alƙawari a 2006, domin kaso ne ke ba da damar kwatanta babban kulob da ƙarami.

Mataki na biyar: hayaƙi, wuta, ruwa, shara

Tsarin lissafin hayaƙi da duniya ta fi bi, wato GHG Protocol, ya raba shi rukuni uku. Na ɗaya shi ne abin da kulob ya ƙona da kansa: dizal na janareta da injinan yankan ciyawa, man motocinsa, gas na ɗumama ƙasan fili da kicin, da gas ɗin na'urorin sanyi da ya zurare, wanda ake yawan mantawa alhali yana cikin takardar mai gyara. Na biyu wutar lantarkin da aka saya. Na uku duk sauran: tafiyar 'yan kallo, jiragen 'yan wasa, riguna, abinci, gine-gine.

Lissafin kansa ninki ne. Lita ɗaya ta dizal tana fitar da kusan kilo 2.68 na iskar kabon, don haka lita 12,000 a kaka tan 32 ke nan da ɗan ɗoriya. Wutar lantarki kuwa lambar ninkinta ta dogara da yadda ƙasar ke samar da wuta, sai a ɗauko ta shekarar daga hukumar da ke wallafa ta, a rubuta inda aka samo. Kulob ɗin da ke sayen wutar rana ko iska ta kwantiragi ya kawo adadi biyu, na kwantiragin da na matsakaicin layin ƙasa.

A ƙungiyoyin da ke cika fili, tafiyar 'yan kallo ce kan zama kaso mafi tsoka, kuma ita ake yawan tsallakewa da hujjar cewa ba ta hannun kulob. Auna ta ba wuya. A tambayi mutum kusan 400 da aka zaɓa ba tare da son rai ba, a ƙofofi daban-daban, a wasanni uku ko huɗu, har da na tsakiyar mako da dare: daga ina kuka taso, da me kuka zo, ku nawa ne a motar? Wannan adadi yana ba da sakamako mai kuskuren kusan kashi 5 sama ko ƙasa. A ɗauka matsakaicin 'yan kallo 15,000 ne, kashi 40 da mota suke zuwa, mutum biyar a kowace mota biyu, zuwa da dawowa kilomita 30. Motoci 2,400 ke nan, kilomita 72,000 a wasa ɗaya, 1,368,000 a wasannin gida 19. Da lambar ninki ta kusan kilo 0.17 ga kilomita, an samu tan 233 daga motoci kaɗai, ninki bakwai na dizal ɗin da aka lissafa a sama. Jirgin shata da ke kai 'yan wasa wasan waje, da rangadin share fagen kaka zuwa wata nahiya, a ba su layinsu. Magoya baya suna ganin hotunan saukar jirgin, rashinsa a rahoto zai fi zuwansa jawo magana.

A yi hattara da shekarar mafari, wadda za a riƙa auna sauran da ita. Kakar 2020/21, da aka buga yawancin wasanni ba 'yan kallo saboda korona, ba ta dace ba, haka ma kakar da ake gyaran fili. A kawo jimilla, a kuma kawo rabon kowane ɗan kallo, domin kulob ɗin da ya hau babban rukuni jimillarsa za ta tashi ko da ya gyara komai. Ruwa a karanta mita, har da na rijiyar burtsatse in da ita ake ban ciyawa. Shara a karɓi takardar awo daga ɗan kwangila, mai nuna nauyi da inda aka kai ta. Cewa ba a kai ko kilo ɗaya juji ba sau da yawa yana nufin an ƙone ta ne a masana'antar samar da wuta, wanda daban yake da sake sarrafawa. A faɗi wanne aka yi.

Mataki na shida: mutanen da ke cikin gida

A ƙirga ma'aikata kashi huɗu: na dindindin, na rabin lokaci, na ranar wasa, da na 'yan kwangila. Masu gadi, masu shara da masu sayar da abinci yawanci suna kashi na ƙarshe, kuma su ne mafi ƙarancin albashi, don haka alƙawarin albashi mai kyau da bai haɗa da su ba rabin alƙawari ne. A rubuta mafi ƙarancin abin da ake biya a awa, a ajiye shi kusa da mafi ƙarancin albashi na doka. Chelsea ce ta fara karɓar shaidar biyan albashin da zai riƙe mutum a cikin ƙungiyoyin Firimiya, a 2014. Giɓin albashin maza da mata a kawo shi sau biyu, da 'yan wasa da kuma ba su, domin albashin 'yan wasan maza ashirin da 'yan kai yana karkatar da komai. Adadin tsakiyar layi, wato albashin wanda ya faɗo tsakiya in an jera ma'aikata daga ƙarami zuwa babba, ya fi matsakaici faɗin gaskiya a nan.

Kare yara ba wurin kwalliya ba ne. Rahoton lauya Clive Sheldon na Maris 2021, kan lalata da yara a ƙwallon Ingila tsakanin 1970 da 2005, ya nuna abin da shiru ke haifarwa, kuma FIFA ta fitar da kundin jagora kan kare yara tun 2019. Abin da za a bayyana: kason ma'aikata da 'yan sa-kai da aka binciki tarihinsu, kason da aka horas cikin shekara, yawan ƙorafe-ƙorafen da aka karɓa, nawa aka miƙa wa hukuma, da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a amsa. Kulob mai yara ɗaruruwa da ya rubuta sifili a gurbin ƙorafi bai nuna lafiya ba, ya nuna ba wanda ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Inda adadi ya gaza biyar, a rubuta ƙasa da biyar, kada a gane wanda ake nufi. Hoton yaro ba ya shiga sai da rubutaccen izinin iyaye ko mai riƙonsa.

Makarantar horaswa ta kawo yawan waɗanda aka ɗauka, waɗanda suka samu kwantiragin ƙwararru, waɗanda aka sallama, da nawa cikinsu aka tuntuɓa bayan wata shida da bayan shekara. Ga masu keken guragu, a auna da wani mizani sananne. Jagorar filayen wasa ta Birtaniya ta 2003 ta ce fili mai kujeru 20,000 zuwa 40,000 yana buƙatar gurbi 150, da ƙarin uku ga kowace kujera dubu da ta haura 20,000, wato gurbi 180 a fili mai kujeru 30,000. A rubuta nawa ake da su, nawa ke da rufi, nawa ke ɓangaren baƙi. Ƙorafin wariyar launin fata da cin zarafi a fili ma haka: nawa aka karɓa, nawa aka kammala, mutum nawa aka haramta wa shiga. Ƙaruwar adadin a shekarun farko na iya nufin mutane sun fara yarda da hanyar kai ƙara, sai a bayyana hakan a ƙasan jadawalin.

Mataki na bakwai: abin da ba a son faɗa

A jera masu ɗaukar nauyi bisa sana'arsu, a nuna kason kuɗin da ke zuwa daga caca, barasa, mai da gas, da kuɗin kirifto, a kuma bayyana wa ke tantance kamfani kafin a sa hannu. Haɗarin ba shaci-faɗi ba ne. Schalke ta cire sunan Gazprom, kamfanin gas na Rasha, daga rigarta a Fabrairun 2022. Filin da ƙungiyar ƙwallon kwando ta Miami Heat ke wasa ya rasa sunan FTX, kamfanin kuɗin kirifto, bayan rushewar kamfanin a Nuwamban 2022. Italiya da Sifaniya sun hana tallar caca a rigunan 'yan wasa, ƙungiyoyin Firimiya kuma sun amince a Afrilun 2023 su cire ta daga gaban riga bayan kakar 2025/26. Kulob ɗin da ke koyar da matasa illar caca da safe, ya sa tambarin kamfanin caca a ƙirjinsa da yamma, gara ya ambaci saɓanin da bakinsa ya faɗi dalilinsa.

Tara, rage maki, rufe wani ɓangaren fili, haɗarin da ya ji wa ma'aikaci rauni, jinkirin albashi, kuɗin da aka biya dillalan 'yan wasa, duk su shiga, da gajeren bayanin abin da aka gyara. Yawancinsu sun riga sun fito a jaridu.

Mataki na takwas: buri da lafazi

Kowane buri ya zo da adadi, shekara, shekarar mafari da sunan ofishin da ke da alhakinsa. Wanda ya sa hannu a shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na wasanni da sauyin yanayi, da aka ƙaddamar a 2018, ya san burin da aka ƙara a 2021: rage hayaƙi da rabi kafin 2030, kai wa sifili kafin 2040. A raba irin wannan dogon buri zuwa na shekara uku-uku, domin shugabannin yau ƙila ba su ne a kujera a 2040 ba.

A kiyaye harshe. FIFA ta tallata gasar kofin duniya ta 2022 a Katar a matsayin wadda ba ta ƙara wa duniya hayaƙi ba, a Yunin 2023 hukumar da ke sa ido kan gaskiyar talla a Suwizalan ta ce FIFA ba ta tabbatar da iƙirarin ba. Takardun diyyar hayaƙi da aka saya, wato shaidar biyan wani aiki kuɗi don ya rage hayaƙi a madadin kulob, a rubuta su daban, da yawan tan, sunan aikin da mizanin da ya tantance shi, kada a cire su daga jimillar hayaƙi. Kalmomi irin su na farko a duniya ko mafi tsafta, in babu takardar da ta tsaya musu, a goge su.

Mataki na tara: tabbatarwa da wallafawa

Kafin rahoto ya fita, wani ma'aikaci da bai sa hannu a haɗa shi ba ya zaɓi adadi goma yadda ya ga dama, ya bi kowanne zuwa takardarsa ta asali. In biyu suka gaza, a sake duba sashen da suka fito gaba ɗaya. Tabbatarwa daga waje, bisa mizanin ISAE 3000 ko AA1000, hawa biyu ce: taƙaitacciya, inda odita ke cewa bai ga abin da ya saɓa ba, da mai zurfi, wadda ta fi tsada da cin lokaci. A fara da taƙaitacciya a kan ma'auni biyar zuwa takwas mafi nauyi, a buga wasiƙar oditan cikakkiya, a sa alama a kan adadin da ya duba. Kamfanin da ya rubuta muku rahoton ba zai zama mai tabbatar da shi ba.

A fitar da shi cikin wata huɗu zuwa shida da rufe shekara, kusa da rahoton kuɗi. Shafi 30 zuwa 40 sun wadatar, da jadawalin alƙaluma a ƙarshe mai nuna shekara uku a jere, da fihirisar da ke kai mai karatu ga kowane sashe na GRI. A yi taƙaitaccen shafi biyu ga magoya baya, cikin harsunan da suke ji, a tsarin da manhajar karanta wa makafi rubutu za ta iya bi. Rahotannin baya su zauna a shafin kulob na intanet, kada sabo ya kori tsoho.

Rahoton shekara ta biyu ya buɗe da jadawalin alƙawuran bara, kowanne da hukuncinsa: an cika, ana kai, ba a cika ba, da dalili. Idan an gano kuskure a alƙaluman bara, ko an sauya hanyar lissafi, a gyara tsohon adadin, a sa masa alama, a rubuta a ƙasan shafin abin da aka wallafa a da, abin da ya koma yanzu, da abin da ya jawo sauyin.